Matasan Mabera Da Kasuwar Aikin Kwamfuta

Sanin kowa ne cewa da wuya a yau mutum ya yi tafiyar minti goma a ƙasa cikin unguwar Mabera, a ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, bai wuce shagon da ake buga takardu da kwamfuta ba, ko rumfar mai cirar kuɗi da na'urar POS, ko teburin mai gyaran waya da sa mata caji. Galibin masu waɗannan sana'o'i samari ne, da yawa daga cikinsu kuwa suna riƙe da difloma ko digiri. Su ne ke cike wa jama'a fom ɗin neman aikin soja ko na ɗan sanda, su duba wa ɗalibi sakamakon jarrabawa, su buga masa kundin kammala karatu. Sana'a ce ta halal, ta kuma rufa wa gidaje masu yawa asiri, babu mai hankalin da zai raina ta.

To, amma akwai abin da ya kamata hukuma da iyaye da su kansu matasan su tsaya su duba. Duk manhajar da waɗannan samari ke taɓawa tun safe har dare, wani ne ya rubuta ta a wani gari. Mai POS yana samun 'yan nairori a kan kowane ciniki, alhali kuwa babban albashin yana wajen wanda ya tsara yadda kuɗin zai tashi daga wannan banki ya sauka a wancan cikin daƙiƙa kaɗan. Iya aiki da kwamfuta daban, iya rubuta mata umarni daban. Na farko ya wadata a Mabera har ya yi arha. Na biyu shi ne kasuwar aiki ta Nijeriya ke nema ruwa a jallo, shi ne kuma ya yi ƙaranci a wannan jiha.

Tsofaffin ma'aikata za su tuna cewa bayan da Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, da kuma bayan ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, yaron da ya iya buga tafireta ba ya kwana biyu bai sami aiki ba, domin kowace ma'aikata tana buƙatar mai buga mata wasiƙa da baucan. Takardar shaidar koyon kwamfuta ta wata uku da ake bayarwa a lunguna ita ce ta gaji waccan takarda ta tafireta. Bambancin kawai shi ne, a yanzu kusan kowane jami'i yana iya buga wasiƙarsa da kansa, ko da a wayar hannu ne. Ke nan an gaji takardar, ba a gaji aikin ba.

Domin amfanin mai karatun da bai saba da al'amarin ba, kwamfuta ba ta aikata komai sai abin da aka umarce ta, kuma ana rubuta umarnin ne da wasu harsuna na musamman masu nahawu mai tsauri, wanda ɗigo ɗaya in ya ɓata sai aikin duka ya tsaya. Kamfanin IBM ya fito da FORTRAN a 1957 domin lissafin kimiyya, aka tsara COBOL a 1959 domin harkar ofis da banki, BASIC ya biyo baya a 1964, Pascal a 1970. Waɗannan su ne aka daɗe ana koyarwa a manyan makarantun ƙasar nan, sau da yawa a kan allo da alli, ɗalibi ya haddace ya rubuta a takardar jarrabawa ya ci, ba tare da ya taɓa ganin na'ura ta karɓi abin da ya rubuta ko ta ƙi ba. Tun 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantun sakandare, saboda haka ba za a ce ba a farka da wuri ba. Abin da aka rasa shi ne na'urorin da wutar da malaman.

Kasuwar yau harsunanta daban. Wanda ya bi sanarwar neman ma'aikata da bankuna da kamfanonin sadarwa da na hada-hadar kuɗi ke bugawa zai ga sunaye kaɗan ne ke ta maimaituwa. Akwai JavaScript, wanda aka fito da shi a 1995, wanda kuma kusan kowane shafin intanet da shi yake motsi. Akwai Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, shi ne kuma a yau ginshiƙin nazarin alƙaluma da ƙirƙirarriyar basira. Java, shi ma na 1995, yana nan daram a manyan tsare-tsaren bankuna. PHP, duk da rainin da wasu ke yi masa, shi ke ɗauke da shafukan makarantu da hukumomi masu ɗimbin yawa. Manhajojin waya kuwa ana rubuta su da Kotlin ko Dart da makamantansu. Amma in akwai harshe ɗaya da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya ba shi muhimmanci, shi ne SQL, watau harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Da shi ne ake cewa a fito da sunan duk ma'aikacin da lambar asusunsa ta banki ta zo ɗaya da ta wani, ko wanda shekarunsa na ritaya suka wuce amma yana karɓar albashi, amsar ta fito nan take. Aikin da kwamitin tantance ma'aikata zai shafe wata uku yana yi, yana cin alawus, layi biyar na SQL yana iya gama shi in har bayanan suna nan a tsare.

Dalilin wannan buƙata ba ɓoyayye ba ne. An fara wayar salula ta GSM a Nijeriya a 2001. A 2014 aka shigo da lambar BVN ta masu ajiya a banki, a 2015 aka tilasta wa hukumomin tarayya asusun bai-ɗaya, a wannan shekara kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa. Sa'an nan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa mai nama da mai kayan miya karɓar tiransifa ko suna so ko ba sa so. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai manhaja ce ke ɗauke da shi, kowace manhaja kuwa tana buƙatar mai rubuta ta, da mai gyara ta, da mai tsare ta daga ɓarayi. A Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda wasu samari biyu 'yan Nijeriya suka kafa shekara biyar kafin nan, a kan kuɗin da aka ba da rahoton ya haura dala miliyan 200. Ba su da ma'adini, ba su da masana'anta, hajarsu ita ce abin da suka rubuta.

Yawan masu wannan gwaninta kuwa bai taka kara ya karya ba. Wani rahoto da kamfanin Google ya fitar kan shekarar 2021 ya ƙiyasta ƙwararrun masu rubuta manhaja a nahiyar Afirka baki ɗaya da 716,000, rabon Nijeriya a ciki bai kai 100,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Gaskiya ne dandalin GitHub, inda masu wannan aiki ke ajiye rubutunsu, ya ce a 2024 'yan Nijeriya masu rajista da shi sun wuce miliyan ɗaya, amma buɗe rajista ba shi ne ƙwarewa ba, kamar yadda sayen littafi ba shi ne malanta ba. 'Yan kaɗan ɗin da suka goge, Legas da Abuja sun kwashe su, Ingila da Kanada kuma suna kwashewa daga Legas. Wasu ma ba sa motsawa daga ɗakinsu, suna yi wa kamfanin ƙetare aiki ana biyansu da dala, abin da ya ƙara armashi tun da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023.

Sai dai wajibi ne a faɗa wa matasa ɗaya ɓangaren gaskiyar, domin masu tallan kwas na mako shida ba za su faɗa musu ba. Tun da aka fito da ChatGPT a Nuwamban 2022, na'ura da kanta tana iya rubuta ƙananan umarnin da a da ake ɗaukar sabon shiga domin ya rubuta. Manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun sallami dubban ma'aikata a 2022 da 2023. Ƙofar shiga ta ƙara matsewa ga mai ilmin sama-sama. Wanda ake nema yanzu shi ne wanda zai fahimci matsalar mai kuɗi, ya rarraba ta daki-daki, ya karanta abin da na'ura ta rubuta ya gane inda ta yi kuskure. Wannan kuwa lissafi yake buƙata, da Turanci mai kyau, da haƙurin zama a kan matsala ɗaya kwana uku. Dukkansu a firamare da sakandare ake dasa su. Jihar da ɗalibanta ke faɗuwa a darasin lissafi ba za ta gyara lamarin da rabon kwamfutoci a gaban 'yan jarida ba.

Ba za a ce Gwamnatin Tarayya ta naɗe hannu ba. An kafa hukumar NITDA a 2001. A Oktoban 2022 aka sa hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha. A ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i ta fito da sabon tsarin karatu wanda ya ware ilmin kwamfuta ya zama fanni mai zaman kansa, da rassa irin su injiniyancin manhaja da tsaron intanet da kimiyyar bayanai, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Hukumar kula da ilmin fasaha ta yi irin wannan a 2024, inda ta raba babbar diflomar kwamfuta gida huɗu. A 2023 kuma Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT domin horar da mutum miliyan uku, aka fara da rukunin mutum 30,000. Duka wannan abin yabo ne.

Amma tsarin karatu a takarda yake. Birnin Sakkwato yana da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wadda aka kafa a 1975, yana da Jami'ar Jihar Sakkwato, yana da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, kowace shekara kuma ana yaye ɗaliban kwamfuta. Tambayar ita ce, ina ɗalibin zai je ya ga yadda ake aikin a zahiri? Tun 1973 ake da shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibi wata masana'anta ya yi watanni yana koyon aiki da hannunsa. Ɗalibin kwamfuta a Legas yana iya samun kamfanin da ke rubuta manhaja ya zauna kusa da gwani. Takwaransa na Mabera sau da yawa shagon buga takardu yake ƙarewa, ko wani ofis inda za a ba shi aikin ɗaukar hoton takarda, ya cike littafinsa a sa masa hannu. Wani abin takaicin ma shi ne yadda kundin kammala karatu, wanda shi ne damar ɗalibi ta gina wani abu da kansa, ya zama haja a wasu shaguna, a sauya suna da shekara a miƙa. Wanda ya sayi kundi ya cuci kansa, domin kamfanin da ke ɗaukar mai rubuta manhaja ba ya tsayawa a kan takarda. Matsala yake ba shi, ya ce ya warware a gabansa cikin sa'a ɗaya.

Sa'an nan ga halin da unguwar kanta ke ciki. Mabera unguwa ce mai cunkoson jama'a, ta ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan fansho, wadda ta daɗe tana fama da kwanciyar ruwa a duk damina. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, a lokacin ne kuma wutar lantarki ta fi yin wuya. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, tayar da janareto domin karatu ya fi ƙarfin talaka. Mafi ƙarancin albashi bisa dokar Yulin 2024 naira 70,000 ne, kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗan dama-dama kuwa, ko da ta hannu ce, tana cin albashin watanni. A farkon 2025 an amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Darussan Python suna nan kyauta a intanet, amma kujerar zama da wuta da data ba kyauta ba ne. Ɗaki ɗaya mai wutar sola, da kujeru hamsin da intanet mai ƙarfi, wanda ke buɗe har ƙarfe goma na dare a wata makarantar gwamnati cikin unguwar, zai fi taron bita goma amfani. Kaduna ta ga abin da irin wannan wuri ke haifarwa tun da aka buɗe cibiyar CoLab a 2016.

A nan ne gizo ke saƙar. Ko an horar da matasa dubu a Mabera, in babu mai sayen gwanintarsu a Sakkwato, motar Abuja za su hau, jihar ta yi wa wasu noma ke nan. A jiha irin wannan, wadda manyan kamfanoninta ba su da yawa, babban mai ɗaukar ma'aikata kuma babban mai sayen manhaja ita ce gwamnati. Biyan albashi da fansho, tattara haraji, rajistar filaye da takardun mallaka, katin marasa lafiya a asibitoci, tallafin karatu, ƙidayar ɗalibai da malamai a ƙananan hukumomi 23, dukkansu aikin rumbun bayanai ne. Abin da aka saba gani a jihohin ƙasar nan shi ne a ba wani kamfani daga nesa kwangila, ya kafa manhaja, ya riƙe asalin rubutunta da mabuɗinta a hannunsa, ya riƙa karɓar kaso ko kuɗin kulawa duk shekara. Ranar da aka saɓa da shi, ko aka sami sauyin gwamnati, sai a wayi gari babu wanda ya san yadda za a buɗe bayanan, a sake sabuwar kwangila daga farko.

Ya kamata Gwamnatin Jihar Sakkwato ta mayar da shi sharaɗi a duk kwangilar manhaja cewa asalin rubutun da bayanan mallakar jiha ne, kuma tilas kamfanin ya zauna da ma'aikatan jiha da ɗaliban manyan makarantunta tun daga ranar farko har ranar miƙa aiki. Ƙananan ayyuka, irin su shafin wata hukuma ko rajistar ɗaliban wata makaranta, babu dalilin fita da su waje. A sa su gasa tsakanin matasan jihar, wanda ya fi a ba shi, a kuma biya shi a kan lokaci, domin ƙaramin kamfani ba ya iya jiran baucan shekara guda.

Haka kuma ya kamata Hukumar Ɗaukar Ma'aikata da ofishin Shugaban Ma'aikata su sake duba tsarin muƙamai. Muddin za a ɗauki mai digirin kwamfuta a ajiye shi a ofishin rajista yana buga takardar hutu, to an yi asarar albashinsa da karatunsa. A ɗauke shi da jarrabawar aiki a gaban na'ura, ba da tambayar sunan kwamishinoni ba. A kuma yarda cewa albashin matakin da ake fara ba mai digiri ba zai riƙe gwanin da banki ke zawarci ba, saboda haka sai an yi masa alawus na musamman kamar yadda ake yi wa likitoci. Tun da aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, hukumar da ke riƙe da sunayen mutane da lambobinsu tana da alhakin tsare su a gaban shari'a, wannan kuwa ba aikin da za a bar wa masinja ba ne don kawai ya iya kunna kwamfuta.

Su ma ma'aikatan da ke kan aiki kada su ɗauka maganar ta yara ce. Akawun da ya iya sarrafa jadawalin lissafi a kwamfuta, ya ƙara da SQL, ya fi ƙarfin a yi masa rufa-rufa da alƙaluma, ya kuma tanadi sana'ar da zai ci bayan ritaya. Ba a ce kowane darakta ya zama mai rubuta manhaja ba, amma wanda zai sa hannu a kwangilar miliyoyin naira ya kamata ya san abin da zai tambaya kafin ya sa.

Bayan gwamnati akwai kasuwar cikin gida wadda ba a taɓa ba. Dillalan albasa da ke loda motoci zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta, masu kemis, makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu, 'yan kasuwar da ke bin hanyar Illela, yawancinsu a littafi ko a ka suke riƙe lissafinsu. Kamfanin Legas ba zai zo ya rubuta musu manhaja da Hausa ba, domin bai san yadda ake bashi da biya a tsakaninsu ba. Ɗan unguwa ya sani. Ga kuma rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da gidajen malamai, waɗanda ke jiran mai ɗaukar hotonsu ya tsara su yadda mai bincike zai same su. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna neman masu jin Hausa sosai waɗanda kuma suka iya aiki da bayanai, haɗuwar biyun kuwa ba ta da yawa. Wannan aiki ne da mace za ta iya yi daga ɗakinta, abin da ya kamata iyayen da ke ɗari-ɗari da aikin ofis ga 'ya'yansu mata su yi la'akari da shi.

Ga ɗalibi kuwa, shawarar gajeriya ce. Kada ya ɓata shekara yana tambayar wane harshe ya fi, yana tsalle daga wannan zuwa wancan. Ya ɗauki Python ko JavaScript, ya haɗa da SQL, ya zauna a kansu har sai ya gina abin da wani mutum ke amfani da shi da gaske, ko da rajistar ɗaliban Islamiyyar layinsu ce, ko lissafin shagon mahaifinsa. Ya ajiye rubutun a GitHub inda mai ɗaukar aiki zai gani da idonsa. In ya sami gurbi a 3MTT ko wani shiri irinsa ya riƙe shi da hannu biyu, amma ya sani watanni uku share fage ne, sauran aikin yana wajensa. Ita kuwa Majalisar Dokokin Jiha, lokacin da kasafin kuɗi ya zo gabanta, ya kamata ta tambayi kowace ma'aikata nawa ta kashe a kan manhaja a shekarar da ta gabata, wane ne ya rubuta ta, a hannun wa mabuɗin yake, kuma 'yan jihar nawa ne suka yi aiki a ciki.